Riga Mai Ruwan Ɗorawa a But ɗin Mota

A fitowar da ta gabata mun yi alkawarin ci gaba da maganar yaran da ke barin makaranta bayan aji uku na ƙaramar sakandare. To a gafarce mu, wata magana ta sha gabanta, kuma daga Magazin muka kwaso ta, har da baƙin man inji a gefen wando.

Wata Asabar ce muka tura tsohon babur ɗinmu zuwa Suame don a duba mana shi. Kafin yaro ya gama kwance kaburetan sai muka leƙa rumfar wani masta da muka daɗe da sani, wanda 'ya'yansa uku duk ta ajinmu suka bi. Muka tarar yana buɗe but ɗin wata tsohuwar Peugeot da aka shigo da ita ta Lome. A ƙarƙashin safayar taya ya zaro wata 'yar riga marar hannu, mai ruwan ɗorawa, irin mai ƙyalli da dare, a naɗe cikin ledarta ko sawa ba a taɓa yi ba. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Ticha, ba irin wannan ce Turawan Faransa suka sa suka hana shugabansu barci ba?" Muka ce ita ce. Sai wani yaronsa, saurayi da bai wuce shekara ashirin ba, ya fito daga ƙarƙashin mota ya ce shi abin da ya kasa ganewa shi ne, mutanen da ke da fansho da asibiti da hanya mai kwalta har ƙofar gida su ne kullum a kan titi suna ƙona taya, mu kuwa da ba mu da ko ɗaya sai dai mu ce Allah Ya kyauta. Ya ce, "Ticha, tsoro ne ko haƙuri?"

Ba mu ba shi amsa a wurin ba, saboda ƙarar guduma da injin walda ba su barin mutum ya ji ko muryar kansa. Muka yi masa alkawarin za mu rubuta, ga shi kuwa muna cikawa.

Bari mu fara da rigar. Tun shekarar 2008 doka ta wajabta wa kowane direba a Faransa ya ajiye irinta a motarsa, don in ta lalace masa a hanya ya sa a gan shi daga nesa. Saboda haka babu gidan mai mota da ba ta. Da gwamnatin Emmanuel Macron ta ɗauri niyyar ƙara harajin man fetur da dizal, da sunan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai mutanen ƙauyuka da ƙananan garuruwa, waɗanda ba su da jirgin ƙasa a kusa, kuma ba su zuwa aiki sai da mota, suka ciro rigar suka sa. Ran 17 ga watan Nuwamba, 2018, mutum fiye da 280,000 suka fito a lissafin gwamnatin kanta. Ba su da shugaba, ba su da ofis, ba wata jam'iyya ko ƙungiyar ƙwadago ce ta kira su ba. Wurin zamansu kuwa shi ne shataletale, wato irin namu na Suame, inda hanyar Offinso da ta Mampong da ta cikin gari ke haɗuwa. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a nan da ƙarfe biyar na yamma ya san cewa wanda ya riƙe shataletale ya riƙe wuyan gari.

Shi dai Macron a watan Mayun 2017 ya hau mulki yana da shekara 39, da kirarin cewa shi ba na dama ba ne ba na hagu ba, ɗan tsakiya ne. Tun a shekararsa ta farko ya soke wani haraji da ake ɗora wa dukiyar attajirai, ya maye gurbinsa da wanda ya tsaya ga gidaje da filaye kawai, nan take aka laƙaba masa sunan shugaban masu kuɗi. A watan Satumbar 2018 kuma, wani saurayi da ya koyi aikin lambu ya koka masa rashin aiki, shi kuwa ya ce masa ai in ya tsallaka titi kawai zai samo masa aiki. Maganar ta zagaye ƙasar. To da ƙarin kuɗin mai ya zo, sai ya tarar da zukata a cike. Ran 1 ga Disamba aka yi ta'adi a tsakiyar birnin Paris, kafin mako ya zagayo gwamnati ta janye ƙarin harajin, ran 10 ga wata kuma shugaban ya fito a talabijin da sanyin murya ya yi alkawarin ƙarin Yuro 100 a wata ga masu ƙaramin albashi. Duk da haka aka ci gaba da fita kowace Asabar har watanni, kuma mutane da dama sun rasa ido a sanadin harsashin roba na 'yan sanda.

Zagaye na biyu ya zo a 2023, bayan an sake zaɓensa a 2022. Wannan karon maganar fansho ce, za a ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Ran 7 ga Maris mutum sama da miliyan ɗaya suka fito. Masu kwasar shara suka ajiye aiki, bola ta yi tsibi a titunan Paris. Da gwamnati ta ga ba ta da tabbacin rinjaye a majalisa, sai Firayim Minista Élisabeth Borne ta ɗauko wani sashe na tsarin mulkinsu, mai lamba 49.3, wanda ke ba da damar zartar da doka ba tare da an jefa mata ƙuri'a ba. Ran 16 ga Maris ke nan. 'Yan adawa suka nemi a kayar da gwamnatin, ƙuri'a tara kacal suka rasa. Doka ta zauna. Daga nan duk inda shugaban ko ministansa ya sa ƙafa sai a tarye shi da kaɗa tukwane da murafai. A watan Yunin 2024 ya rushe majalisa yana neman sabon rinjaye, aka ba shi akasin haka. Majalisar ta kayar da Firayim Minista Michel Barnier a Disambar 2024, ta kayar da François Bayrou a Satumbar 2025, wanda ya gaje su kuma, Sébastien Lecornu, ya sanar a watan Oktoba cewa za a dakatar da wannan doka ta fansho da aka sha wuya a kanta.

Wannan ke nan game da Faransa. Amma inda ba mu yarda da yaron masta ba shi ne cewar da ya yi mu ba mu fita. Ba laifinsa ba ne, ba a haife shi ba a 1995, kuma a littafin da muke koyarwa da shi a aji ba a ba wannan labari ko shafi guda ba.

Mu a lokacin muna 'yan makaranta ne, muna sayar wa iyayenmu mata koko da ƙosai da asuba kafin mu sa kayan makaranta. Ran 1 ga watan Maris na wannan shekara gwamnatin Jerry John Rawlings ta kawo sabon haraji mai suna VAT, kashi 17 da rabi cikin ɗari, a madadin tsohon harajin sayarwa na kashi 15. A takarda bambancin kashi biyu da rabi ne kawai. A kasuwar Kejetia kuwa ba haka aka karanta shi ba. Ba a yi wa mutane bayani mai gamsarwa ba, saboda haka wanda ya yi rajista da wanda bai yi ba kowa ya ɗora, mai sari ya ɗora, mai kiri ya ɗora a kan na mai sari, har mai tumatir ta ce VAT ce. Dama can shekarar tsadar kaya ce, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari. Muna tuna yadda ake aiken mu sayen sukari da kuɗin jiya mu dawo a sake ƙaro mana.

Wasu 'yan siyasa da lauyoyi da 'yan jarida suka haɗu a ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Alliance for Change. A cikinsu akwai Nana Akufo-Addo da Charles Wereko-Brobby da Kwesi Pratt da Kweku Baako da Nyaho-Tamakloe da Akoto Ampaw. Suka kira zanga-zanga a Akra ran 11 ga watan Mayu, suka raɗa mata suna da Tonanci, Kume Preko, wato ka kashe ni gaba ɗaya in huta. Duk mai jin Tonanci ya san nauyin wannan magana, irin wadda mutum ke faɗa ne in tura ta kai bango. Jama'a suka fito dubbai a kan dubbai, irin taron da ba a taɓa gani ba tun da Rawlings ya karɓi mulki a ƙarshen 1981. A tsakiyar gari wasu da suka fito da sunan kare gwamnati suka tare su, aka yi harbi, aƙalla mutum huɗu suka rasu. Masu zanga-zangar suka ɗora alhakin a kan 'yan ACDR, wato ragowar kwamitocin kare juyin juya hali. Jinin bai mayar da mutane gida ba. Aka sake fita a nan Kumasi da wasu garuruwa, sunan ma ya yi 'ya'ya, aka sami Wieme Preko da Sieme Preko, wato ka ƙarasa ni, ka binne ni. A watan Yuni gwamnati ta janye harajin. Kafin shekarar ta ƙare Ministan Kuɗi Kwesi Botchwey, wanda ya riƙe ma'aikatar tun 1982, ya ajiye aiki.

Nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan dakata, domin abin da ya biyo baya shi ne ba a cika faɗa ba. A zaɓen Disambar 1996 Rawlings ya sake cin kujerarsa da kusan kashi 57. A ƙarshen 1998 kuma VAT ɗin nan da aka mutu a kanta ta dawo. Sai dai ta dawo da kashi 10, an ɗauki lokaci ana wayar da kai a rediyo da kasuwanni, an kuma ɗaga iyakar cinikin da zai sa a tilasta wa mutum rajista, ta yadda ƙananan 'yan kasuwa suka fita daga ciki. Ba wanda ya ƙona taya. A shekara ta 2000 aka ƙara kashi biyu da rabi don asusun ilimi na GETFund, a 2004 aka ƙara wasu biyu da rabi don inshorar lafiya, a farkon 2014 kuwa jimlar ta koma 17 da rabi cif, daidai adadin da ya fitar da mutane titi a 1995. Mu malaman makaranta ba mu da bakin kushe asusun ilimin nan, tunda ajujuwa da yawa da yaranmu ke zama a ciki da kuɗinsa aka gina. Abin da muke nunawa shi ne, adadi ɗaya ne, amma sau ɗaya aka jefo shi a ka, sau ɗaya kuma aka shigo da shi da sallama.

A ganinmu a nan Faransa da Ghana suka yi kama. Talaka yana iya ɗaukar kaya mai nauyi, ai ya saba. Abin da ba ya ɗauka shi ne a ɗora masa kayan sannan a nuna masa cewa ra'ayinsa ba shi da amfani. Bafaranshen da aka ce wa ya tsallaka titi, da wanda aka zartar wa doka ba ƙuri'a, da mai sayar da safaya a Suame da ya wayi gari da harajin da ba wanda ya fassara masa, ciwonsu ɗaya, raini. Kowane masta a Magazin ya san wannan a rumfarsa. Yaro zai yi maka shekara biyar yana wanke ƙarfe da fetur, kuɗin abincin rana kawai kake ba shi, ba zai tafi ba. Ran da ka zage shi a gaban mai mota kan laifin da ba nasa ba, washegari sai dai ka ga akwatin sifanarsa babu.

Sai kuma abin da duniya ta gada na juyi. Akufo-Addo ɗin da ke gaban sahu a 1995 shi ya zama shugaban ƙasa a watan Janairun 2017, watanni kaɗan kafin Macron ya hau tasa kujerar. Ran 30 ga Nuwambar wannan shekara su biyun suka tsaya tare a Akra, inda namu ya yi jawabin nan da ya zagaye duniya, cewa lokaci ya yi da Afirka za ta daina rataya rayuwarta a kan taimakon Turawa, baƙon nasa yana gefe yana murmushi. Mun ji daɗin jawabin, ba za mu ɓoye ba, har a aji muka karanta wa yara. Shekara ɗaya bayan haka titi ya taso wa baƙon. Mai masaukin ma bai tsira ba. A 2021 matasa suka taso da kiran a gyara ƙasa, suka yi maci a Akra ran 4 ga Agusta. Sannan aka kawo E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, wanda ya sa 'yan majalisa suka ba hamata iska a zauren majalisa a watan Disamba. An zartar da shi a Maris ɗin 2022 bayan 'yan adawa sun fice, ya fara aiki ran 1 ga Mayu da kashi ɗaya da rabi. A Disambar wannan shekara hauhawar farashi ta kai kashi 54, gwamnatin da ta ce ba za ta koma wurin IMF ba kuma ta riga ta koma. Ran 5 ga Nuwamba, 2022, aka yi wata zanga-zanga a Akra ana neman shugaban ya sauka. Sunan da aka sa mata, Kume Preko sabon zubi.

Mutanen Suame ma sun yi tasu, kuma yaron masta ya isa ya tuna wannan. Ɗan majalisar yankin a lokacin, Osei Kyei-Mensah-Bonsu, wanda ke kan kujerar tun 1997, shi ne jagoran masu rinjaye, wato shi ke jan ragamar E-Levy a majalisa. A watan Fabrairun 2022 hoton wani kek da aka kawo wurin bikin cikarsa shekara 65, an rubuta sunan harajin a jikinsa, ya bazu a wayoyin jama'a. A watan Yuli, da ya zo duba babbar hanyar da ta ratsa Magazin, wadda aka kankare aka bari tana tayar da ƙura, masu sana'a suka yi masa ihu, aka yi jifa da ruwan leda, sai da 'yan sanda suka fitar da shi. A tuna fa, wannan yanki ne da jam'iyyarsa ba ta faɗuwa. A watan Oktoba shugaban ƙasa da kansa ya zo ya ƙaddamar da aikin gadar sama ta Suame. Har gwamnatin ta sauka a farkon 2025 ba a gama ta ba. A zaɓen Disambar 2024 jam'iyyar ta riƙe kujerar Suame, amma ta rasa ƙasar, John Mahama ya ci da kusan kashi 56, kuma mutanen Asante da yawa zama suka yi a gida ranar zaɓe. A watan Afrilun 2025 aka soke E-Levy.

Kada wani ya ce Ticha ya ɗauki ɓangare, to ga ta sabuwar gwamnatin. A watan Yunin 2025 majalisa ta amince da ƙarin sidi ɗaya a kan kowace litar mai don biyan bashin wutar lantarki, ya fara aiki a Yuli. Harajin mai ne, irin wanda ya fito da rigar ɗorawa. Direbobin trotro sun yi barazanar yajin aiki, sannan suka fasa. Abin da ya taimaki gwamnati shi ne a watannin nan sidi ya yi ƙarfi a kan dala, kuɗin mai yana sauka, saboda haka ƙarin bai yi zafi ba. Sa'a ce ta lokaci, ba ta zama kullum, kuma masu mulki na yanzu su ma sun yi zamaninsu na maci a titi, sun san hanya.

Yanzu sai maganar da ta sa muka ajiye batun makaranta muka ɗauki wannan, wato abin da fita ke ci wa ɗan Zango.

A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Unguwa ta ce ƙarya ne, mun san su. Matasan Asawase da kewaye suka tare hanyoyi, aka ƙona tayoyi, sai da sarakunan Zango da limamai suka tsaya a tsakani. Gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin bai sami shaidar cewa 'yan fashi ba ne, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya kowane gida diyyar sidi 250,000. Da unguwa ta yi shiru, da sunan ɓarayi za a binne su. Wannan fita ce da ta yi amfani, kuma ta yi amfani ne saboda abin da ake nema ɗaya ne, kowa ya san shi, kuma akwai manya da suka karɓi maganar daga titi suka kai ta tebur.

Shekara uku bayan haka sai Ejura. Ibrahim Mohammed, wanda aka fi sani da Kaaka, mai ɗaukar hotunan lalatattun hanyoyi da kwatoci yana sawa a Facebook, aka kai masa hari da dare, ya rasu a asibitin Komfo Anokye ran 28 ga Yuni, 2021. Washegari, bayan jana'iza, matasa suka fito cikin fushi. Aka turo soja, suka yi harbi da harsashi mai rai, samari biyu suka faɗi, wasu suka jikkata, duniya tana kallo a talabijin. An kafa kwamitin Mai Shari'a Koomson, an ba da shawarwari. Iyayen yaran nan dai ba a dawo musu da 'ya'yansu ba.

To ka ji bambancin da ba ka sa a lissafi ba, ɗan masta. Bafaranshen da ya fita yana tsoron hayaƙi mai sa hawaye da harsashin roba, kuma mun faɗa, wasu sun rasa ido, ba ƙaramin abu ba ne. Amma yana da ƙungiyar ƙwadago mai lauyoyi, in an kama shi akwai wanda zai bi sawu a daren. Kai in aka kama ka, tsohuwarka ce za ta sayar da tukunyar wake da shinkafarta ta yi belinka, rumfar masta kuma ba za ta jira ka ba. Shekara 62 ko 64 da suke faɗa a kai, a Ghana 60 ce ga mai albashi, mafi yawan masu sana'a a Magazin kuwa ba su da ranar ritaya sai ran da ido ya daina ganin zaren noti. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa ake zuwa Zango neman masu ƙarfi ran da ake son cika mota, ko ran da ake son tarwatsa taron wasu? Ana ba yaro riga da kuɗin abinci, a sa shi a gaba, bai ma san abin da aka rubuta a kwalin da yake ɗagawa ba. In an tashi rabon muƙami ba a tuna lambar gidansu. Mun ga tsofaffin ɗalibanmu a irin waɗannan motoci, na jam'iyyun nan biyu duka, kuma ba mu ji daɗi ba.

Ba muna cewa a zauna a gida ba ne. Tsarin mulkin 1992, sashe na 21, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taro da maci. A 1993 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da jam'iyyar NPP ta kai Sufeto Janar na 'yan sanda, cewa ba a buƙatar izinin ɗan sanda kafin a yi zanga-zanga. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce abin da ake nema shi ne a sanar da su a rubuce, aƙalla kwana biyar kafin ranar, in suna da ja kuma masu shiri suka ƙi sauyawa, sai su tafi kotu. Mun tambayi yaran ajinmu na ƙarshe ko akwai wanda ya san wannan, ba hannu ko ɗaya da ya tashi, kuma laifin namu ne mu masu alli. A 2025 an ba ɗan majalisar Asawase, Muntaka Mubarak, ma'aikatar cikin gida, wadda 'yan sanda ke ƙarƙashinta. Ɗan Zango ne, ya san 2018, ya san Ejura, saboda haka mutanen unguwa suna da hujjar sa ido a kan yadda za a tarbi yaran da suka fito da kwali a zamaninsa, ko da kuwa gwamnatinsa suke yi wa ihu.

Abin da za mu roƙi shugabannin masu gareji da na matasan masallatai shi ne, kafin wani ya zo da motar haya da riguna, su zaunar da yaran nan su karanta musu dokar, da Hausa da Tonanci. In an zo gayyatar su, su tambayi mai gayya abin da ake nema takamaimai, da sunan wanda ya sa hannu a takardar sanar da 'yan sanda, da kuma ko shi da kansa zai kasance a sahun gaba. Na 1995, duk abin da za a ce game da su daga baya, a gaba suka tsaya. Mu a namu ɓangaren mun yi magana da hedimasta, za mu ba da aji ɗaya ranar Lahadi bayan la'asar ga duk ƙungiyar da ke son a zauna a karanta, kyauta, sai dai kowa ya zo da abin rubutunsa.

Da muka koma ɗaukar babur ranar Litinin, mun tarar rigar ta sami aiki. An yi ruwa da dare, ramin da ke bakin layinsu ya cika ya ɓace, masta ya sa ƙaramin yaronsa ya saka ta ya tsaya a gefe yana nuna wa direbobi inda za su bi. Ta yi masa yawa, har gwiwa. Wanda ya yi mana tambayar kuwa an aike shi Tafo neman famfon mai, ba mu haɗu ba, mun bar wa masta saƙo ya ajiye masa wannan fitowa.

Maganar yaran da ke barin makaranta tana nan, sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.